Jigon da Ya Cinye Lambun Yayana

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi lalube kafin in kamo, amma abin da aka yi wa yayana a kan jigonsa ba zai taɓa fita daga raina ba, ko da za a ƙara mini wasu shekarun a kan waɗanda na yi. Abin da ya sosa mini wurin kwanan nan, wasu samari ne na tarar a kasuwar Bodinga sun yi cincirindo a kan keken ɗinki, irin wanda ya shigo bayan zuwan Nasara. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki ya ce mu dai Allah bai ba mu kan ƙirƙira ba, sai ci da barci. Saura kaɗan in rafka masa sandata. Na tambaye shi ko ya san wanda ya fara ƙera garma, ko wanda ya fara haɗa zugazugi, ko wanda ya fara kafa masaƙa. Ya ce bai sani ba. Na ce to rashin saninka ne, ba rashin mutanen ba. Ni na san ɗaya daga cikinsu, ciki ɗaya muka fito, kuma a gabana aka kashe masa zuciya.

A lokacin ko labarin Nasara ba mu taɓa ji ba, sarautar ƙasa tana hannun Sarkin Musulmi da manyansa. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Danchadi, wanda ba zan faɗi sunansa ba, domin jikokin waɗanda suka yi abin suna nan da ransu, kuma ba su suka yi ba. Ni masaƙi ne, yayana kuwa manomi. Da damina ya yi gero da dawa kamar kowa, da rani ya gangara fadama, inda yake da lambun albasa da ya gada wurin mahaifinmu. Lambun ba wani babba ba ne, amma rijiyarsa ba ta ƙafewa ko da bazara ta yi tsanani, kuma da shi yake ciyar da matarsa da 'yan 'ya'yansa mata uku. Da jigo yake ban ruwa, kamar kowa. Wanda bai san jigo ba, doguwar sanda ce ake ɗorawa a kan gwafa, a ɗaure curin laka a gindinta, a rataya guga a kanta. Ka ja igiya ƙasa guga ya nutse, nauyin laka ya ɗago shi, ka tare ka juye. Aiki ne na hannu biyu da ƙashin baya, tun asuba har azahar.

Wata shekara aka yi gayyar yaƙi, aka ce kowane gari ya ba da mazaje. Mai garinmu ya zaɓi waɗanda za su tafi, ya bar 'ya'yansa ƙarti a gida suna gadin rumbu. Yayana yana cikin waɗanda suka tafi, ya dawo a kan jaki da raunin kibiya mai dafi a kafaɗarsa ta dama. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma hannun ya shanye, sai dai ya riƙa lilo a gefensa. Rani guda cur ya yi yana kwance, lambu ya zama wurin kiwon awaki.

To, akwai wata al'ada a fadamarmu da kowa ya taso ya tarar: lambun da ya yi rani biyu a jere ba a ba shi ruwa ba, ya koma hannun mai gari, ya ba wanda ya ga dama. Asalinta ba mugunta ba ce, an yi ta ne don kada ƙasa mai ruwa ta zauna a banza. Amma duk al'adar da ta faɗa hannun mai kwaɗayi ta zama wuƙa. Rani na biyu yana ƙaratowa sai ga mai gari ya zo wai duba jiki. Ya zauna, ya sha fura, ya yi ta jajantawa, sannan ya ce wa yayana ya sa wa ransa haƙuri, ai an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka ji fa, mutumin da ya tura shi inda ya rasa hannun shi ne yake buga masa wannan karin maganar a cikin zaurensa. Na ga yayana ya yi murmushi, irin wanda ya fi kuka ciwo.

Na ce ni zan ja masa ruwan. Kwana uku na yi. Ni da tun tasowata ban san abin da ya fi ƙoshiyar saƙa nauyi ba, tafin hannuna ya ɗuri ruwa ya fashe, bayana ya ƙage, ga saƙar mutane tana jirana. A rana ta huɗu shi da kansa ya ce in koma bakin aikina, kada a yi biyu babu.

Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a. Kullum da safe sai ya zo ya zauna kusa da ni a inuwar ceɗiyar da nake saƙa, ya yi tagumi da hannunsa mai lafiya. Na ɗauka baƙin ciki ne, har na fara yi masa nasiha irin ta ƙane marar kunya, ina jawo masa labarin ƙaddara. Ashe ko sauraro na ba ya yi, ƙafafuna yake kallo. Masaƙi yana da sanduna biyu a ƙarƙashin ƙafarsa, in ya taka ɗaya rabin zare ya sauka, ɗaya rabin ya tashi, in ya taka ɗayar su sauya. Ni na yi shekaru ina takawa, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa ba. Ranar nan ina tsakiyar wa'azina sai ya katse ni.

"Masaƙi, dakata. Taka ta dama in gani."

Na taka.

"Taka ta hagu." Na taka. Sai ya ce, "Ashe ku dut aikinku ga ƙahwa shike, hannu jihwa kawai ya iya. Ni ko ƙahwahuna biyu lahiya lau suke."

Ya tashi ya tafi, ko sallama babu. Washegari na same shi a lambu da gizago a hannun hagu, ya danne itace da ƙafa yana sassaƙa.

Kada mai karatu ya zaci abin ya zo da sauƙi. Kwana ashirin da wani abu muka yi, shi yana tunani yana sassaƙa, ni ina ɗaura masa igiya, don ƙulli ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Jigo biyu ya kafa kafaɗa da kafaɗa a bakin rijiyar. Ya shimfiɗa katakai biyu a ƙasa, kowanne da igiya zuwa kan jigonsa, ya gitta sanda a gabansa wadda zai dafa. Gwaji na farko guga ya taso da ƙarfi ya buge shi a goshi, ya yi kwana uku da ƙulu. Na biyu curin laka ya ɓalle, jigo ya kifa cikin rijiya, sai da na shiga na ciro. Maƙwabtan lambu suka samu abin dariya, suna kiran sa masaƙin ruwa, suna tambayar sa yaushe zai saƙa musu riga da shi. Har matarsa ta same ni a ɓoye ta ce in taimaka in hana shi, mutane sun fara cewa dafin kibiyar ya hau masa ka.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne juye ruwan, tunda ba hannun da zai tari guga. Ya yi kwanaki yana kallon bakin rijiya kamar mai jiran wani ya fito. Can ya fafe gungumen giginya ya yi indararo, ya kafa wata 'yar ƙugiyar itace a bakinsa, yadda in guga ya taso leɓensa zai sarƙe a jiki, ya tuntsure da kansa. Ranar da abin ya yi, ina nan tsaye. Ya hau katakan, ya dafa sanda, ya taka dama, guga ya nutse. Ya taka hagu, wancan ya nutse, wannan ya taso ya sarƙe ya zubar da ruwansa cikin indararo. Dama, hagu, dama, hagu, kamar mai tafiya a wuri ɗaya, ruwa kuwa yana gudu bai yanke ba, fangali bayan fangali yana cika. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Shi kuwa dariya yake, rabon da in ji dariyarsa tun kafin yaƙi.

Kafin hantsi ya gama ban ruwan da ƙato mai hannu biyu yake kaiwa azahar a kai. Ya dasa albasarsa, ta kama, ta yi kore shar. Da yake shi ba mai riƙo ba ne, in ya gama nasa sai ya fasa hanyar ruwa ya tura wa maƙwabcinsa na gabas da na yamma, waɗannan dai masu tambayar riga. Suka daina dariya, suka koma kawo masa goro. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga ƙauyukan kewaye, an ce gani ya kori ji. Na ce a raina shi ke nan, lambu ya tsira, tunda ga ruwa ya shiga tun rani bai yi nisa ba, a gaban idon kowa.

Ashe kallon nan shi ne masifar. Ƙasarmu tana hannun wani babban mutum ne da ke zaune a birni, ba mu taɓa ganin sa ba, sai dai jakadansa da yake zuwa shekara-shekara ya karɓi abin da ya wajaba, ya kuma kai masa gaisuwar masu gari. Mai garinmu kuwa a shekarar nan kujerarsa tana rawa, yana neman abin da zai wanke kansa da shi. Da jakada ya sauka, sai ya jawo shi fadama, da mutanen gari duu a bayansu. Aka sa yayana ya hau ya taka. Jakada ya zagaya jigon sau biyu, ya leƙa rijiya, ya taɓa ƙugiyar itacen nan yana kaɗa kai. Yayana ya sauko ya tsuguna, mu ma duk muka tsuguna, takalma a hannu.

"Wanga aikin wa na?" in ji jakada.

A tarbiyyar da aka yi mana, talaka ba ya amsa wa babba magana in mai garinsa yana wurin. Mai gari shi ne bakinka, ko sunanka aka tambaya shi zai faɗa. Don haka yayana ya sunkuyar da kai yana jiran a faɗi sunansa.

"Ranka shi daɗe," in ji mai gari, "ni nis sa anka yi shi, don maigida. Lambun ga ya daɗe da komowa hannuna. Da shi, da jigon, da albasad da ac ciki, gaisuwata ta. A kai ma maigida."

Wallahi har yau in na tuna sai in ji jinina yana tafasa. Ko ƙifta ido mutumin nan bai yi ba. Jakada ya yi murna, ya sa albarka, jama'a suka amsa da madalla baki ɗaya, kamar yadda ake yi in an yi kyauta a gaban manya. Yayana ya ɗago ya dube ni. Ni kuma, kaicona, na dubi ƙasa, kuma bakina ya furta madallar nan tare da na kowa. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Sabo ne kawai da tsoro, sun riga hankalina isa bakina. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, kuma ni ina cikin masu tafi.

Da muka koma gida na ce ba za ta saɓu ba, akwai shari'a a ƙasar nan. Na ja shi muka tafi Bodinga gaban alƙali. Ba zan ɗora wa alƙalin nan laifi ba, dattijo ne mai tsoron Allah, ya saurare mu har ƙarshe, na kuma ga alamar ya gane inda gaskiya take. Aka kira mai gari, ya zo ya dage cewa lambun ya riga ya cika rani biyu ba ruwa, a ƙasarsa aka kafa jigo, da izininsa. Alƙali ya juyo wurin yayana.

"Sa'ad da anka ba da shi gabanka, mi kac ce?"

"Ban ce komi ba, Allah shi gahwarta malam."

"Kai hwa?" ya tambaye ni.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Madalla nic ce."

Alƙali ya yi ajiyar zuciya. Ya ce duk da haka ƙofa ba ta rufe ba, mu kawo shaidu biyu waɗanda za su tabbatar ruwa ya shiga lambun kafin rani na biyu ya fita. Ni shaidata ba za ta wadatar ba, tunda ɗan'uwa nake, kuma ina ci daga lambun. Na fito da ƙarfin gwiwa, don mutum nawa ne suka ga ruwan nan da idonsu? Gari guda. Na fara da maƙwabcin gabas, wanda albasarsa ta rayu da ruwan yayana. Ya ce jakinsa ba shi da lafiya, ba zai iya tafiya Bodinga ba, tafiyar da mata suke yi da tallan nono a ka. Na yamma ya ce shi bai iya lissafin rani ba, kada ya je ya yi rantsuwa a kan kuskure. Na bi gida-gida har na gaji, kowa da irin tasa ƙaryar, kuma kowa sai ya raka ni bakin ƙofa ya raɗa mini cewa an zalunce mu. Lalle ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar da aka sa mana muka koma mu biyu kamar yadda muka je, shari'a ta mutu a nan.

Aka zuba bayin gandun babban mutumin nan a lambun. Su ma bayin Allah ba laifinsu ba ne, an ce su taka, suka yi ta takawa. Abin da ba wanda ya sani sai mai shi, jigon nan yana bukatar a bi shi. In rani ya yi nisa ruwa ya ja ƙasa, sai an ƙara tsawon igiya, an rage ko an ƙara laka, an matsar da katakan. Su kuwa da suka ga guga ba ya cika sai suka ƙara ƙarfin taku, har sanda ɗaya ta tsage. Albasa ta fara yaushi saura 'yan makonni a cire ta. Kuma ka san abin da mai gari ya yi? Ya wanko ƙafa ya zo zauren yayana da hantsi, ya ce a taimaka a duba jigon maigida. Ni na riga na miƙe zan faɗa masa abin da ban faɗa ba a fadama, sai na ga yayana ya ɗauki gizagonsa. Na tare ƙofa na ce, Yaya, ashe kai ba ka da zuciya?

"Albasa ba ta yi mani laihi ba," in ji shi. "Ni nid dasa ta."

Ya je ya gyara, ya dawo, ya ba wani masassaƙi gizagon kyauta. Albasa ta yi kyau, aka loda ta a jakuna aka yi birni da ita, ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga tukunyar matarsa ba. Da damina ta faɗi ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Lambara, ta ƙasar Shagari, inda wani Bafillace abokinsa ya ba shi kiwon shanu, aikin da sanda ɗaya ta isa. Jigon kuwa bai ga ƙarshen rani na gaba ba. Ya sake lalacewa, aka rasa mai gyara, wasu suka gwada kwaikwaya suka kasa, a ƙarshe matan gandu suka dafa tuwo da shi.

Bayan shekaru da dama na je gaishe shi, duk mun fara furfura. Ya raka ni hanya, muka bi ta gefen wata fadama. Can ga wani dattijo yana jan jigo, in ya juye guga biyar sai ya tsaya ya dafe ƙugu, ya miƙe da ƙyar. Tausayi ya kama ni. Na ce, Yaya, nan ba garinmu ba ne, ga mutane suna wahala, kai kuma abin yana kanka, me zai hana ka sake yi ko sau ɗaya? Ya tsaya ya daɗe yana kallon dattijon, na ga ƙafarsa ta dama tana motsi a cikin ƙasa, shi bai ma sani ba.

"Bayanshi na ciwo, na gani," in ji shi. "Amma ba wanda ka kwaɗan lambunshi. Ran da niy yi mashi jigo, ran nan za a zo kallo. Bar shi da ciwon bayanshi, ƙanena, shi ka tsare mashi lambu."

Bai kuwa sake yin jigon ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, in aka ƙwace wa mai hikima abin da ya ƙirƙira, ba shi kaɗai aka cuta ba, har da waɗanda ba a haifa ba, domin na biyun da na ukun da suke cikin kansa tare da shi za a binne su. Kuma azzalumi ba ya iya wannan aiki shi kaɗai, sai ya samu masu tsuguno da za su amsa masa, irina. Ladabin da zai sa ka rufe baki ana zaluntar ɗan'uwanka ba ladabi ba ne, tsoro ne. Mun tsira da mutuncinmu a gaban manya ranar nan, ga shi har yau jikokinmu da hannu suke jan ruwa a fadama, suna dafe ƙugu.